Turmin Amaren Hindawiyya

Hajiya Mastura ba ta cire takalmi duka biyu. Ko a falon ɗanta Hatim takan zauna a bakin kujera, ta zare ƙafar dama daga silifas ta bar ta hagu a ciki, kamar wadda aka ce ta ɗan jira, yanzu za a kira ta. Mutanen gidan ba su taɓa lura da wannan ba. Abin da suka lura da shi shi ne ba ta ƙarasa shan shayi, tana buɗe firji ta rufe ba ta ɗauki komai ba, kuma ko hira ake da ita idonta na kan ƙofa. Surukarta Ghada ta ce tsufa ne. Hatim ya ce sukari ne, ya kai ta asibiti, likita ya auna ya ce sukarinta ya fi nasa kyau.

A unguwar Hindawiyya ta Jidda aka haife ta, a nan ta yi aure, a nan mijinta Abdulghaffar ya yi shekaru yana gasa tsire a bakin titi, wanda mutanen Jidda ke kira siriya, har Allah ya karɓi abinsa. Ita kuma ta yi aikin shara da goge-goge a wata makarantar 'yan mata har gwiwa ta fara ƙara. Amma ba da wannan aka san ta ba, da yawo aka san ta. Kafin rana ta yi zafi ta leƙa gidajen lungu kaf, ta gai da wadda ta haihu, ta duba wanda ya kwana da zazzaɓi, ta kai wa wannan yaji ta karɓo wa waccan kuka. Lungunan matsattsu ne, mutum na tafiya kafaɗarsa na gogar bango, ita kuwa ko ido rufe ba ta ɓata. Da aka zo rushe tsofaffin unguwanni mutanen lungunsu suka watse, wasu Mahjar, wasu Bahra, wasu can gabashin gari inda ko sunan titunan ba ta iya riƙewa. Hatim ya ɗauke ta zuwa hawa na huɗu a wani dogon bene mai lif. Ɗakin da sanyi, banɗakin da ruwan zafi, kuma babu inda za ta je. Ƙafar ce dai har yanzu ba ta samu labari ba.

Sai kuma maganar turmi. Kakarta ce ta zo da shi. Ta baro ƙasar Haɗeja da niyyar aikin hajji tana da goyo, tafiyar ta ci shekaru, ta yada zango a Sudan tana dakau don ta ci ta ciyar, kuma a can wani masassaƙi Bahaushe ya sassaƙa mata turmin da taɓaryarsa. Da za ta hau jirgin ruwa aka ce ta bar shi, ta ce to a bar ta tare da shi. Haka ya sauka a tashar Jidda. Daga baya ya tsage a gefe, baban Mastura, wanda ke dakon buhuna a tashar, ya yanko gwangwanin man shanu ya toshe tsagar da ƙusoshin tagulla da ya tsinto wajen masu gyaran jirage. Rabin hoton saniya ya rage a jikin gwangwanin, kai da ƙafafun gaba.

Da injin niƙa ya zo daka ta ragu, turmin ya koma na amare. A lungunsu ba a yi wa yarinya wankan aure sai a kansa. A daka lalle a ciki, a wanke shi, a kife shi, a zaunar da amarya, tsofaffi su riƙa zuba mata ruwa suna haɗa mata addu'a da tsiya. Ba a kife shi sai don wannan, ba kuma mai zama a kansa sai ita. Yana da ƙa'idar da kowace mace ta sani: bayan biki a gidan uwar amarya yake zama, ba a mayar da shi, har sai wata ta tashi aurar da tata. Ita ma ba aike za ta yi ba. Babbar mace ce za ta zo da kanta da ɗan abu a kwano, gero ko dabino, ta ajiye a gaban matar gidan ta ce, "Muna da amarya." Matar gida ba ta da ikon hanawa, ko da jiya suka yi faɗa, kuma ita za ta zuba wa amaryar ruwan farko. Taɓarya kaɗai ke komawa wajen Mastura, don ita ce mai daka lallen. A kan turmin nan aka wanke uwarta, aka wanke ta, aka wanke 'ya'yanta da na maƙwabta.

Ƙa'idar ce ta ɓatar da shi. Bikin ƙarshe kafin rusau na 'yar Mariyamu ne, ƙawarta tun ƙuruciya, saboda haka Mastura ta kwashe kayanta hankali kwance, turmi na wajen Mariyamu. Ita kuwa Mariyamu da ta ga unguwa za ta tashi, sai ta ce wannan ba lokacin ƙa'ida ba ne, kayan gado ya koma ga masu shi. Ta sa aka ajiye shi a ƙofar gidan Mastura da hantsi, ba ta san motar kaya ta riga ta tafi ba. Kowacce ta zauna da tunanin yana hannun 'yar'uwarta. Sai da aka sa ranar auren Rim, 'yar Hatim, Mastura ta kira Mariyamu tana dariya ta ce ta shirya, ga ta nan zuwa da kwano. Mariyamu ta ce ai tun ranar tashi ta sa aka mayar mata da shi.

Tun daga ranar rashin zaman ya ƙaru. Ghada ta lallashe ta da cewa yanzu ai amare wajen masu kwalliya ake kai su, in kuma dole sai an yi wankan, ga kujerar roba a banɗaki. Hatim ya ce zai sa a taho da sabon turmi daga Kano, masu zuwa umara ba sa yankewa. Mastura ta ce sabon turmi bai san kowa ba. Rim, mai aiki a kantin magani, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take amsawa. Ta rungume kakarta ta ce, "Ya Sitti, ko a kan bokiti kika zaunar da ni na yarda." Mastura ta ture ta ta ce ita ba za ta wanke jikarta a kan abin wankin mota ba.

Ana cikin haka Mariyamu ta turo hotuna a zauren waya na matan tsohon lungu. Iyalinta ne suka je shan iska Ɗa'if, suka tsaya a wani wuri a hanya. A hoto ɗaya ga surukinta, ƙato mai gemu, zaune a kan wani abu, ya rungume tsohuwar bindiga yana dariya. Mata suka yi ta yaba gemun. Mastura ta buɗa hoton da yatsu biyu yadda Rim ta koya mata, ta ja shi ƙasa. A ƙarƙashin bakin rigar mutumin, dab da ƙasa, ga kan saniya a juye.

Ba ta gaya wa kowa ba, gudun kada a sake cewa tsufa ne. Ta dai tambayi Mariyamu inda wurin yake, kamar hira, aka ce kafin a fara hawan dutsen Hada, akwai raƙumin siminti a ƙofa. Ta so ta ce mata su je tare, amma iƙamar Mariyamu, takardarta ta izinin zama a ƙasar, ta mutu, ko kasuwa a tsorace take zuwa. Ranar Asabar Hatim da Rim suka shirya zuwa Ɗa'if sayen ruwan wardi na biki. Suna saka takalma sai ga Mastura cikin abaya, rungume da wani dogon abu da ta naɗe a tsohon zane. Hatim ya yi mamaki, don ko asibiti zai kai ta sai ta ce ya sauke ta ta ƙarasa a ƙafa. Ya tambaye ta mene ne wannan, ta ce sandarta ce. Ya san taɓaryar da ke jingine a bayan gadonta tun ranar da suka tare, amma ya buɗe mata gaban mota.

Hanyar ba ta yi wa kowa daɗi ba. Ta ce sanyin motar ya yi yawa, aka rage, ta ce za ta shaƙe. Ta sauke gilashi, iska mai zafi ta bugo, ta ɗaga. Ta ce Hatim na gudu kamar an biyo shi, da ya sassauta ta tambaye shi ko man ne ya ƙare. Rim ta miƙo mata dabino daga baya ta ƙi karɓa. Da suka zagaye Makka duwatsu suka fara matsowa kusa da titi, sai ta manna goshi a gilashi tana bin kowace katanga da ido, kowace rumfar mai zuma da mai kankana. Hatim na cikin ba Rim labarin biran Hada masu fizge leda a hannun mutane ta dafa hannunsa ta ce, "Tsaya nan."

Raƙumin ya fi na gaske girma, an yi masa idanu da fitilun mota, ɗaya ta fashe. Bayansa doguwar katanga ce da aka jera wa tsofaffin ƙofofi, a kan rufin kuma ga kwale-kwalen masunta yana kallon dutse, nesa da kowane ruwa. An rubuta da fenti cewa gidan tarihi ne. Mai wurin ya fito da kansa, wani tsoho siriri mai jan rawani, ya ce sunansa Abu Mish'al. Ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota a wannan hanyar, kuma duk abin da ya ga an yar sai ya tsaya ya ɗauka, har kayan suka kore shi daga ɗakinsa, ya gina musu nasu. Yana riƙe da eriyar rediyo da yake nuni da ita. Ya ce doka ɗaya ce a gidansa: daga dama ake farawa, kuma ba a tsallake ɗaki.

Mastura ta nufi hagu, ya tare ta da eriyar cikin ladabi.

Haka ta bi su dole. Ɗakin farko wayoyin tarho ne cike da bango, baƙaƙe da jajaye, ya ɗaga ɗaya ya kara wa Rim a kunne ya ce ta gaishe da mutanen da. Na biyu fitilun ƙwai ne da dutsen guga na gawayi da wata talabijin da ya fafe cikinta ya zuba yashi da ƙwarangwal ɗin kifi. Akwai haƙarƙarin wani abu da ya rantse na kifin da ya fi motarsa tsawo ne. Akwai busasshiyar kura da aka cusa wa auduga, ya saka mata tabarau saboda idanunta sun zube. Kowane abu da labarinsa, kowane labari da inda ya tsaya da mota da abin da ya ci a ranar. Hatim na dariya da gaske, Rim na ɗaukar hoto. Mastura na gaba da su kullum, ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki na gaba tana sauya ƙafa, ta dawo, ta sake komawa, zanen taɓarya ya jiƙe da gumin hannunta.

A ɗaki na ƙarshe ta same shi, a kusurwar da aka shimfiɗa wa darduma don masu hoto, ga bindiga jingine, ga takobi a bango. Wani saurayi na zaune a kai yana gyara hula, abokinsa na ɗauka. Mastura ta tsaya a kansa ta ce da Hausa, "Tashi." Bai ji kalmar ba, amma ya tashi.

Ta durƙusa, gwiwar ta yi ƙara. Ya yi ƙanƙanta fiye da yadda take tunawa. An manna masa takardar lamba, wani ya liƙa cingam a gefe ya bushe ya yi baƙi, kuma gindinsa ya yi sulɓi saboda zaman mutane. Ta shafa gwangwanin, ta bi ƙusoshin da yatsa. Hatim ya leƙo ta bayanta, dariyar ta ɗauke masa. Shi ma ya gane saniyar.

Ta miƙe ta gaya wa Abu Mish'al da Larabcinta na Hindawiyya cewa wannan turmin kakarta ne, kuma ta zo ɗauka. Tsohon bai yi fushi ba. Ya ce ba ita ce ta farko ba, kowane wata sai an samu mai cewa rediyon babansa ne ko ƙofar gidansu, har akwai wanda ya ce kurar ce ta cinye akuyar kakansa, a ba shi ita. Ya ce a kasuwar gwanjo ta kudancin Jidda ya same shi, cikin tarin fankoki da karyayyun tagogi. Ya san turmi ne, uwarsa ma da irinsa take surfa alkama. A tsaye ya fara ajiye shi, sai baƙi suka mai da shi kwandon shara, kofuna da guntun sigari, shi ya sa ya kife shi. Hatim ya kawo maganar saye, tsohon ya ɗaga hannu tun bai ƙarasa ba, ya ce abin da ya shigo nan ba ya fita, in ya fara ba mutum ɗaya sai an bar shi da raƙumi kawai. Mastura ta ɗaga murya ta ce abin mutane ne, na amare, ba kujerar 'yan hoto ba.

"Ya Hajja," in ji shi a hankali, "ban shiga ɗakinki na ɗauko ba. A titi kuka bar shi. Ni daga rana na ɗauke shi."

Gaskiya ya faɗa. Ta juya ta fita, ta ratsa ɗakin kura da na tarho ta baibai, ba wanda ya tare ta. A waje rana ta take. Ta je wajen mota ta taɓa murfin ƙofa, ta dawo gindin raƙumi, ta koma mota. Manyan motoci na wucewa suna watsa mata tsakuwa. Ta ji haushin Mariyamu, ta ji haushin kanta da ba ta ɗaga waya ta tambaya ba tun ranar tashi, ta ji haushin direban motar kaya da ya yi sammako. Hatim ya fito ya ce, "Yalla ya Ummi, halas, mutumin ba zai bayar ba, rana na yi." Ta yi kamar ba ta ji ba.

Rim ce ta bi ta, ta jera da ita zuwa raƙumi da dawowa. Can ta tambaye ta, da Hausarta mai tuntuɓe, "Sitti, da a gidan Khala Mariyamu yake, haka za ki shiga ki ce a ba ki?"

Mastura ta tsaya. Tun tana yarinya take ganin ana karɓar turmin nan, ba ta taɓa jin wadda ta ce nawa ne ba, ko kakarta da ta sha wahalarsa. Ita kuwa ta shigo gidan mutane hannu rabbana, ta wuce matar gida ko sallama babu, ta tsaya tana jayayya da namiji. Ko ta wace hanya ya zo, nan ne gidan da turmi ya kwana.

Ta buɗe mota ta ɗauko dabinon da ta ƙi ci, ta juye shi a murfin kular abinci, ta gyara lulluɓi. Ta tambayi Abu Mish'al ina uwargida, ya nuna bayan katanga da eriya yana kallonta. Ta ce wa Rim ta tsaya a waje, amarya ba ta roƙa wa kanta.

Matar sunanta Jawahir, gajera mai jiki, tana zaune a inuwa tana murza ƙullu. Mastura ta yi sallama, ta zauna a tabarma, ta ajiye murfin a gabanta, ta ce da Hausa, "Muna da amarya." Sannan ta fassara mata, ta kuma ba ta labarin tun daga jirgin ruwa: yadda ake kifewa, yadda yake kwana a gidan uwar amarya, yadda ba a hanawa, da cewa matar gidan da aka ɗauko shi ita ke zuba ruwan farko. Jawahir ta daina murzawa. Ta tambaya ko da gaske ita za ta zuba, ita da ba ta san yarinyar ba. Mastura ta ce ƙa'idar ba ta ce sai an sani ba. Matar ta ɗauki dabino ɗaya ta ci, ta ce shekara da shekaru tana share ƙurar tarkacen nan, yau ne karo na farko da wani abu a ciki ya jawo mata gayyatar biki. Ta ƙwala wa mijinta kira.

"Ba su turminsu," in ji ta. "In akwai wuri a motar su haɗa da kurar."

Ya ce kayan gidan tarihi nasa ne. Ta ce ƙofar da aka ajiye kwano tata ce, kuma ta riga ta ci. Suka ɗan yi ta yi, irin ta waɗanda suka daɗe tare, ita tana murza ƙullu shi yana kaɗa eriya. Daga ƙarshe ya ce to, aro, amma ya dawo. A nan Mastura ta tuna cewa bisa ƙa'ida wajen Ghada, uwar amarya, zai zauna. Ta hango shi a barandar hawa na huɗu, ruwan na'urar sanyi na ɗiga a kansa, ko a ɗakin ajiya ƙarƙashin akwatuna. Ta tuna maƙwabcinsu na ƙasa da ya hau ya buga ƙofa ranar da ta daka citta a ɗan ƙaramin turmin ƙarfe. Ta tuna matan lungu, waɗanda ko za a kashe su ba za su iya nuna benen Hatim cikin benaye masu kama ɗaya ba. Raƙumi mai ido ɗaya kuwa ba mai wuce shi.

Ta ce zai dawo, amma da sharaɗi. A tsaye za a ajiye shi, za ta kawo faifai a rufe bakinsa saboda masu sigari. Ba mai sake zama a kai. Kuma duk macen da ta zo da abu a kwano ta faɗi kalmomin nan, a ba ta, ko ba a san ta ba. Jawahir ta sa aka maimaita mata kalmomin har ta iya, tana faɗa tana dariyar bakinta. Abu Mish'al ya ce ya ji, amma wa ya tabbatar masa za a dawo da shi, mutane da yawa sun ce masa gobe. Hatim ya zaro katinsa na shaida, tsohon ya ce wannan na hukuma ne, ba nasa ba. Idonsa na kan abin da ke naɗe a zane.

Mastura ta dubi abin da yake kallo. Tun ranar da ta bar Hindawiyya taɓaryar nan ce abu na farko da take gani in ta buɗe ido. Ta kwance zanen. Itacen ya yi baƙi, tsakiyarsa ta rame inda hannun mata uku ya ci shi. Ta miƙa ta jingina, tsohon ya karɓa da hannu biyu kamar an miƙa masa jariri.

Hatim ya fito da turmin tsakar gida ya tsayar da shi, wata gizo-gizo ta fito ta gudu. Mastura ta ce ba a daka turmi wayam, Jawahir ta kawo gasasshen gahawa cikin tafin hannu ta zuba. Mastura ta karɓi taɓarya ta fara. Sautin ya fito mai kauri, ya daki katangar ƙofofi ya dawo, har saurayin nan mai hula ya leƙo. Ta so ta cilla ta sama ta tafa ta cafe yadda take yi da ƙuruciya, kafaɗar ta ƙi, taɓaryar ta kusa suɓucewa, Rim ta tare. Ba wanda ya yi dariya sai ita Mastura. Ta miƙa wa Abu Mish'al taɓaryar ta ce kada ya jingine ta inda rana ke bugawa, kada kuma ya saka mata tabarau. Lallen bikin dai na leda za a saya, kamar na kowa.

A kujerar baya aka ɗora turmin, Rim ta ɗaura masa bel ta zauna kusa da shi. Suka hau Hada, birai na zaune a kan shingen titi suna kallon motoci, Mastura ba ta kalle su ba, sai waiwaye take a kowace kwana tana cewa Hatim ya bi a hankali. A Ɗa'if ta ƙi fita daga mota. Suna cikin kantin ruwan wardi ta aika musu kira, wai su yi sauri, me ake zaɓe a ruwa. A hanyar dawowa ta kira Mariyamu ta ce mata surukinta mai gemu ya zauna a kan turmin amare, ta san abin da za ta gaya masa. Mariyamu ta yi salati, ta yi kuka, sannan ta fara lissafa 'yan matan tsohon lungu da suka isa aure. Da suka zo daidai raƙumin Mastura ta juya tana kallon katangar har ta ɓace, hannunta na neman abin riƙewa a cinya.

Sun iso gida bayan la'asar. Turmin ya shiga lif da ƙyar tare da Hatim, su suka jira na biyu. Ghada ta tsaya a ƙofa ta dube shi, ta dubi farin tayil ɗinta, ta je ta kawo tsohon tawul ta shimfiɗa. Aka kawo wa Mastura shayi ta kurɓa ta ajiye. Ta shiga kicin ta ɗauko cokali, ta zauna a ƙasa kusa da turmin, silifas ɗaya a ƙafa, ta fara kankare cingam ɗin da gindin cokalin.